Kwat Ɗin Soja

Soja bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta harbin tsuntsu. Tsayuwarsa ce ta jawo masa sunan. Tun yana saurayi aka ɗauke shi aikin ƙofar wani babban otal, aka ba shi jan kwat mai maɓallan tagulla da hula, aka ce aikinsa ya buɗe ƙofa, ya gaida baƙo, ya karɓi jaka, in babu kowa kuma ya tsaya. To, tsayuwar nan ita ya ɗauka da gaske. Direbobin tasi masu jiran fasinja a bakin otal ɗin su suka fara ce masa Soja don tsokana, sunan ya bi shi har gida ya zauna daram. Manajoji sun zo sun tafi, an sauya fentin ginin, an cire ƙofar katako an sa ta gilashi, shi yana nan inda aka ajiye shi, ƙirji a gaba, haɓa a sama.

Matarsa tela ce, kuma Tela yake ce mata ko a gaban surukai. Shagonta shi ne ɗakin gaba na gidansu: keke ɗaya na taka, teburin yanka, dogon madubi da ya fara yin baƙi a gefe, da labulen da ya raba shagon da ɗakin kwana. Otal ɗin yana da nasa mai ɗinki, amma Soja ya ce hannun mutumin ba ya da tausayi, don haka tun da ta shigo gidan ba wanda ya sa wa kwat ɗin allura sai ita. Yadin mai nauyi ne, mai tsada, irin wanda ba a sauya wa ma'aikaci sai yadin ya mutu murus, kuma a hannunta ba ya mutuwa.

Ita ta fara gani, da yake idon tela ba ya barin abu ya wuce. Wata safiya ya gama ɓalla maɓalli ya juya zai fita, sai ta ga gefen hagu na kwat ɗin ya fi na dama sauka da faɗin yatsa. Ta ɗauka yadin ne ya saki. Da ya dawo ta shimfiɗa shi a tebur ta auna, ta tarar kwat lafiyarsa lau. Sai ta jira ya tuɓe zai shiga wanka ta kalli bayansa da kyau, ta ga kafaɗar hagu ta yi ƙasa, haƙarƙarin dama kuma ya ɗan turo ta baya.  Me za ta ce wa mutumin da duk abin da ya mallaka a duniya tsayuwa ce? Ta farke shafin kafaɗar, ta yanko siririn soso ta ɗinke a ciki ta mayar. Washegari ya sa, ya dubi madubi, ya ce yau kwat ya zauna. Magana ta ƙare a nan.

Kafaɗa ta ci gaba da sauka, ita kuma ta ci gaba da bin ta. In soso ɗaya ya kasa ta ɗora wani a kai. Ta matsar da maɓallai, ta rage yadi a kwiɓin hagu inda jikin ya lotsa, ta saki a bayan dama inda ya kumbura, ta gyara hammata, ta ɗage kalmasa. Da abin ya fi ƙarfin soso, sai ta tuna da teburinta na yanka, wanda ƙafarsa ɗaya ta gaza ta sa masa kwali a ƙasa ya daina rawa. Ta yanko dunduniyar wani tsohon silifas ta fere ta, ta cusa cikin takalminsa na hagu don ta ɗago gefen da ya faɗi. Ba yadda za a yi mutum ya taka roba a takalmi bai ji ba. Ya ji, bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba, suka zauna a haka shekara da shekaru kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Duk wanda zai ce wauta ce ya faɗa, amma a unguwar nan ba a taɓa ganin aikin allura da ya kai wannan ba. In Soja ya sa kwat, ko uwar da ta haife shi sai ta rantse a miƙe yake.

Ciwon kuwa bai san da kwat ba. Da farko kwankwaso ne da yamma, a shafa man zafi a kwana. Daga baya ya zama sai ya dafa bango kafin ya cire takalmi, ƙafar hagu ta riƙa mutuwa tana dawowa, barci ya koma na juye-juye. Ranar da ya sunkuya zai ɗauki akwatin wata baƙuwa ya kasa tasowa, ya wayance da cewa igiyar takalminsa yake gyarawa, har matar ta gaji ta ja kayanta da kanta. Bai faɗa a gida ba. Wani direban tasi ne ya tsegunta wa Tela, ita kuma ta kira babbar 'yarsu da ke aure a wani gari, 'yar ta yi ta kuka a waya har sai da uban ya yarda zai ga likita. 'Yar ce ta nemo musu wani likitan baya, irin waɗanda ba sa yanka kuma ba sa ba da ƙwaya, da hannu suke aiki, su danna gaɓoɓin baya su sassauta su, su koya wa mutum yadda zai tsaya da yadda zai zauna.

Soja ya je da kwat ɗinsa, ranar hutu, a cikin zafi. Tela ta ce masa asibiti za su ba ɗaurin aure ba, ya ce ta bar shi.

Wurin a hawa na biyu yake, saman wani kantin magani. Ɗakin ba girma: gado siriri mai rami a wajen kai inda mutum ke sa fuska, sandunan katako a jere jikin bango kamar tsani, madubi babba da aka ja wa layuka a tsaye da a kwance, da ƙashin baya na roba a rataye a kusurwa yana lilo duk lokacin da fanka ta juyo. Likitan bai kai su shekaru ba, gajere ne mai faɗin tafin hannu, ba ya gaggawar magana. Ya kalli Soja a tsaye cikin kwat, ya kalli hoton ƙashin da suka zo da shi a gaban fitila, ya sake kallon Soja. A hoton, ƙashin bayan ya bar hanya ya lanƙwasa kamar hannun buta. Sai ya ce a cire kwat ɗin.

Tela ba ta taɓa ganin bayan mijinta a gaban baƙo ba, kuma a hasken farar fitilar nan sai ta ga kamar yau ta fara ganinsa. Likita ya sa shi ya sunkuya hannuwa a sake, gefen dama ya taso kamar an cusa masa filo a ƙarƙashin fata. Ya bi ƙashin da babban yatsa daga wuya har ƙugu, ya auna ƙafafu yana kwance, ya ce tsawonsu ɗaya. Sannan ya ɗauki kwat ɗin daga kujera zai rataye, ya ji nauyin kafaɗar, ya tsaya yana matsa ta. Ya ɗauki takalmin ya zura hannu, ya fito da robar, ta yi baƙi ta ɗauki siffar dunduniya.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Soja ya kafa wa bango ido. Tela ta ce, "Ni ce."

Likitan ya jima yana juya kwat ɗin, ya ce bai taɓa ganin ɗinki irin wannan ba, kuma da gaske yake. Sannan ya yi musu bayani ba tare da kwana-kwana ba. Karkatar ƙashin bayan ba Tela ce ta kawo ta ba, wataƙila tun ƙuruciya tana nan kaɗan, shekaru da doguwar tsayuwa suka fito da ita. Amma robar ta ƙara wa abin nauyi. Ƙugun hagu tun asali ya riga ya hau sama, ita kuma ta ƙara tura shi, kafaɗa na saukowa, ƙugu na hawa, tsakiyar ke shan matsi, a nan jijiyar ƙafar ta bi. Ya ce mutum ba tebur ba ne, in ka ɗaga shi ta ƙasa ba saman ne ke miƙewa ba, tsakiya ce ke ƙara naɗewa. Tela ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta gaya masa zancen teburinta ba.

Soja abu ɗaya ya tambaya, ko bayan zai miƙe.

"Ba zai miƙe ba, Baba. Ƙashin babba ya riga ya zauna. Duk wanda ya ce maka zai mayar da shi kamar da, ƙarya yake maka. Abin da zan iya, in sassauta inda ya ƙage, in koya maka yadda naman bayanka zai riƙe ka, ciwo ya ragu, mu hana shi gudu. In ƙafar ta ci gaba da mutuwa kuma, ba aikina ba ne, sai in tura ka wajen masu tiyata."

Ya kwantar da shi ya yi ta danna gefen da ya ƙage a hankali, ya juya masa ƙugu, wani wuri ya yi ƙaras, Soja ya saki numfashin da Tela ta daɗe ba ta ji irinsa ba. Suka sauko da takalmi babu roba, yana tafe yana ɗan tangaɗi kamar wanda ya sauko daga doguwar tafiyar mota.

Aikin gida ya fi na asibiti yawa. Kullum safe da yamma Soja zai jingina da bangon tsakar gida, dunduniya da ƙugu da ƙeya su taɓa bango, ya ja kansa sama kamar ana ɗaga shi da igiya, ya tura numfashi cikin kwiɓin hagu inda ya lotsa. Tela ce mai sa tafin hannunta a wurin, ta ce masa ya ture hannun da iska. Zai kwanta a gefe bisa naɗaɗɗen tawul, zai riƙe saman ƙofa ya saki jiki, zai yi rarrafe yana miƙa hannu da ƙafa kamar jariri. Ya ce in direbobi suka gan shi a haka sunansa ya tashi daga Soja ya koma Ƙadangare. Ta ce ƙadangare ma ai ya fi shi iya ɗaga kai. Suka yi dariya, ita ce dariyar da ta fi tunawa daga baya. Ciwon ya fara ja da baya da gaske, yana kwana yana barci, ƙafar ta rage mutuwa.

Sai dai duk abin da aka gina da safe, kafin yamma ya rushe. Ranar hutu lafiya lau yake yini, ranar aiki kuwa sai ya dawo yana jan ƙafa. Likita ya yi ta tambaya, a ƙarshe ya ce a sake zuwa da kwat ɗin. Ya sa Soja ya saka shi a gaban madubin nan mai layuka, ya ce ya yi tsayuwar da aka koya masa. Soja ya ja kansa sama, ya buɗe kwiɓin hagu. Nan take kwat ya yi tawaye: soson kafaɗa ya tashi ya kusa taɓa kunne, hammata ta shaƙe shi, maɓallai suka karkace suna neman tsinkewa. Da ya saki jiki ya koma cikin lanƙwasarsa, sai kwat ya kwanta luf, layukan madubi suka yi daidai da kafaɗunsa. Tela ta ga abin da hannunta ya yi. Ta ɗinka rigar da ba ta yi wa kowa daidai sai karkatacce, kuma mijinta yana yini gaban ƙofar gilashi yana ganin inuwarsa, yana gyara kansa ya dace da rigar.

Likita ya ce ba zai ɓoye musu ba, muddin yana yini cikin wannan kwat, su ukun wahalar banza suke yi. A cire soson, a buɗe kwiɓin, a mayar da shi kwat na kowa. Ya ƙara da cewa ko an yi haka kafaɗar za ta nuna, tudun bayan ma zai nuna, don babu mai iya riƙe tsayuwar gyara yini guda, kuma ya kamata a samo masa kujera ya riƙa hutawa. Soja ya yi murmushi ya ce a ƙofar otal ba a zama. Da suka iso bakin shago sai ya juyo gare ta.

"Tela, ki bar min kwat ɗina yadda yake."

"Ƙafarka fa?"

"Ƙafata ce. Ranar da suka ga kafaɗar nan, na bar ƙofar ke nan. Kin sani, na sani."

Ta sani. Otal ba ya sa karkataccen mutum a fuskarsa, ko fulawar da ta lanƙwasa a bakin ƙofar cire ta ake yi. Ta bar kwat, ta ci gaba da sa hannu a kwiɓinsa safe da yamma, tana kallon aikin yana zubewa kamar ɗiban ruwa da kwando. Haushinsa take ji, tana jin haushin likitan da ya faɗi gaskiya, amma wanda ta fi ji na kanta ne.

Abin da ya karya mata zuciya ƙaramin abu ne. Wata yamma tana kan keke ta hango shi ta taga ya sauko daga mota a bakin titi, ya zo hawa dakalin gefen hanya, ƙafar hagu ta ƙi tasowa. Ya waiga hagu da dama, ya ga ba mai kallo, sai ya sa hannu biyu ya kama wandonsa a gwiwa ya ɗora ƙafar kamar kayan wani. Sannan ya gyara hula ya taho ƙirji a gaba. Ya shigo ya yi sallama da fara'a, ya ce yau aiki ba wahala.

Ranar hutunsa ta gaba, ya fita aski, ta sauke kwat daga hanga ta ɗauki reza. Sosan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa sun yi rawaya sun daskare da gumi, na sama da sauran laushinsu, kowanne ta tuna lokacin da ta sa shi. Ta buɗe kwiɓi, ta mayar da maɓallai ramukansu na asali, ta sauke kalmasa, ta goge. Ta tara sosan a ƙarshen tebur ba ta zubar ba. 

Da ya dawo ya ga kwat a rataye, ya ga tarin soso, ya daɗe a tsaye. Ta shirya wa faɗa, ta tanadi amsoshi, har ta so ya ɗaga murya ko ta samu ta yi kuka. Bai ɗaga ba. Ya ce ai ya roƙe ta. Ta ce ta ga abin da ya yi a bakin titi, kuma gara ta zauna da miji marar ƙofa da ta zauna da miji marar ƙafa. Ya ce ba ita za ta zaɓa masa ba. Ta ce shekarun da ta yi tana zaɓa masa da allura bai taɓa cewa ta daina ba. Wannan ta shige shi, ya ɗaga labule ya shiga ciki. Washegari ya sa kwat ɗin haka nan, tun da ba shi da wani, ya tsaya gaban madubi ya ja kansa sama iya ƙarfinsa. Kafaɗar hagu ta ɗan taso ta tsaya a inda ƙarfinta ya ƙare. Ya fita bai ce kwat ya zauna ba.

Ba a yi masa wulaƙanci ba, wannan ma ya fi ciwo. Direbobi suka ga abin, babu wanda ya tsokane shi, su da ba sa barin kowa. Bayan 'yan kwanaki manaja ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya tambayi lafiyarsa, ya yaba shekarun da ya yi, ya ce ba za su so su ƙarasa shi a tsaye ba. Akwai ƙofar baya, inda motocin kayan miya da na wanki ke shiga, tana da rumfa da kujera, albashi kuma ba zai ragu ba. Can ba a sa kwat, riga mai ruwan toka ake sawa. Manajan ya raka shi har bakin ofis yana ce masa Baba, ya ce tun da matar Soja ce ta san kan kwat ɗin, sai ta gyara wa wanda zai karɓi ƙofar.

Likita ya ji daɗin labarin kujera, ya ce abin da bayan ke nema ke nan. Kuma ya yi gaskiya. Ƙafar ta daina mutuwa, Soja yana hawa dakali ba ya taɓa gwiwa, man zafi ya bushe a kwalba. 'Yarsu ta yi ta godiya ga Allah a waya. Tela kaɗai ke ganin sauran. Mutumin da ke dawowa da labarin baƙi, wanda ya zo da kare a jaka da wadda ta manta mijinta a filin jirgi, yanzu in ta tambaye shi aiki sai ya ce motoci sun shiga sun fita. Yana zuwa wajen likita in ranar ta zo, yana jingina da bango in ta kira shi, yana ture hannunta da numfashi yadda aka ce, kamar mai biyan tara. A ƙofar baya ba wanda ya san shi da Soja. Wata rana tana sa masa hannu a kwiɓi ya ce, "Baya ya daina ciwo, Tela. Na gode." Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Sabon mai ƙofar ya zo gwaji wata ranar hutu da hantsi, dogon mutum mai ladabi, kafaɗunsa a jere kamar an aza katako. Ya gaida Soja da girmamawa, Soja ya amsa, ya ce masa ya kula da ƙofar gilashin, tana da nauyi in iska ta taso, sannan ya shige ciki. Tela ta sa wa mutumin kwat ta ja da baya. Babu soso, babu komai, awo daidai, amma kwat ɗin ya karkata hagu. Yadin ya sha jikin mijinta ya riƙe, bayan dama ya yi jaka, kwiɓin hagu ya tattare, guga ba ta fitar ba. Tana kallo a madubi sai ta ga mutumin, bai ma sani ba, ya ɗan sauke kafaɗarsa ta hagu don rigar ta zauna masa.

Ta daka masa duka a kafaɗar da bayan hannu. "Miƙe, malam. Kada ka bi riga."

Mutumin ya firgita ya ba da haƙuri, ita ma ta ba shi. Ta zare kwat ɗin ta ce ya dawo jibi, sai ta farke shi gaba ɗaya ta jiƙa yadin ta sake yanka. Ta raka shi bakin titi, ta tsaya can ta ɗan jima, don ba ta son komawa ciki da fuskar da take da ita.

Da ta dawo, ƙarshen teburin wayam, tarin soson nan babu. Ta duba ƙasa, ta duba kwandon ƙyalle. Silifas ɗin da ta taɓa yanka, wanda ɗaya ƙafar ke yashe a bayan keke tun tuni, shi ma an ɗauke shi, ga reza a buɗe a kan tebur da ɓarɓashin roba.

Labulen bai rufe duka ba. Ta wurin da ya rage ta hango shi gaban madubin jikin kabad, cikin rigarsa mai ruwan toka, ya cusa sosan a kafaɗar hagu ta ƙarƙashin rigar, sun yi tudu ba kyan gani, ɗaya ma ya leƙo ta wuya. Ya sa takalman aiki, ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo. Ya saki jikinsa ya koma cikin tsohuwar lanƙwasar, kafaɗu suka yi daidai a madubi, ƙirji a gaba, haɓa a sama. Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar kabad ɗin a hankali, ya ɗan rusuna, leɓunansa na motsi, ya jira wanda zai wuce ya wuce, ya mayar ya rufe. Fuskarsa ta yi haske irin wanda ba ta gani ba tun ranar da ta ɗauki reza. Ta ga gwiwar hagu ta fara rawa, ta san abin da robar ke yi masa a ciki, ta san kuma abin da likita zai ce.

Kalma ɗaya za ta yi ya cire. Ta kai hannu ga labulen, ta tsaya, sai ta ja shi ya rufe sosai. Ta koma ta zauna a kan keke ta hau takawa da ƙarfi don ya ji tana aiki, babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar.